Wasiƙar da Lirwanu Bai Kai Ba

Malam Lirwanu ya yi shekara talatin da biyar yana kai wa mutane wasiƙu tsakanin Boɗinga da ƙauyukan Shagari. A duk tsawon shekarun nan tambayoyin da ake yi masa ba su cika canzawa ba. In ya tsaya shan ruwa a rumfar wani, sai a ce, "Wai kuna buɗe takardun mutane ku karanta?" Ya ce shi da rana ke dukansa tun hantsi, ina ya ga lokacin karanta gaisuwar wani. Wasu su tambayi kwana nawa wasiƙa ke yi kafin ta isa Ikko. Mata sun fi son jin yadda yake yi da karnukan ruga. Tun da waya ta shiga hannun kowa kuma, samari ke tsokanarsa: "Yo Baba, har yanzu akwai mai rubuta wasiƙa?" Yakan buɗe musu jaka su gani: takardun makaranta, sammacin kotu, takardun 'yan fansho, da ƙunshin kayan da mutane ke saye ta waya a aiko musu.

Tambaya ɗaya ce ba ya amsawa. In aka ce, "Ka taɓa ƙin kai wa wani wasiƙarsa?" sai ya sunkuya ya kama gyara robar da ke ɗaure da jakarsa a bayan babur, har a wuce zancen. Akwai wasiƙa ɗaya da bai kai ba. Ta yi shekara goma sha bakwai a ƙasan akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunsa, kuma saboda ita wata mata ta ɗauki laifin da ba nata ba.

A Boɗinga aka haife shi, a gidan manoma. Da ya gama firamare ya ɗan taɓa sakandare, sai wani kawunsa ya samo masa aiki a wani ƙaramin gidan waya. Aka ba shi kaki, da jakar tamfol, da keke mai nauyi kamar jaki. Aka kuma haɗa shi da tsohon masinja, Baba Abdulƙadir, ya nuna masa hanya kafin ya yi ritaya. Wata uku suka yi suna yawo tare, kuma abin da tsohon ya koya masa kusan babu ruwansa da takarda.

A ƙauyukan nan gidaje ba su da lamba. Adireshi yakan zo ne kamar haka: Ummaru mai gyaran rediyo, bayan masallaci, kusa da tsamiya, Dandin Mahe. Wani lokaci tsamiyar ta daɗe da faɗuwa. Sunan da ke kan ambulan kuwa shi ne sunan yanka, wanda malamin makaranta ya rubuta, ba wanda ake kiran mutum da shi a gida ba. Saboda haka aikin masinja shi ne sanin wane ɗan wane ne, da sanin yadda ake tambaya. Baba Abdulƙadir ya sha maimaita masa: kada ka tambayi mace sunan mijinta, kada ka tambayi uwa ɗanta na fari da sunansa. Ba za ta amsa ba, ko da yana zaune a gabanta, musamman a ruga, inda kunyar ɗan fari ta fi ƙarfi. Ka tambaye ta ta hanyar ƙaninsa ko ƙanwarsa. Ka ce, yayan wance yana nan? Sai ta samu ƙofar da za ta amsa maka.

Lirwanu ya riƙe wannan, ya kuma ƙware. Ya san ranar kasuwar kowane gari, ya san wanda gara a tare shi a kasuwa maimakon a bi shi gona. Ya karanta wa tsofaffi wasiƙun 'ya'yansu da ke aikin soja ko ci-rani a kudu, ya rubuta musu amsa a kan gwiwarsa. Ya san wanda ya saki mata ta takarda da wanda ya nemi gafarar uba ta takarda, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinsa ba. Mutane suka yarda da shi har ana ba shi saƙon da ba na gidan waya ba, maganin ido, ko zanen jariri, ya kai.

Abin ya faru ne a daminar shekarar 2008, ranar wata Alhamis. Ya riga ya samu babur a lokacin. Wasiƙa ta ƙarshe a jakarsa mai rajista ce, wato wadda dole mai ita ko mahaifinsa ya sa hannu kafin a bar ta. An rubuta: Bilyaminu Husaini, rugar Husaini, bayan Horo Birni. A kusurwar ambulan ɗin akwai hatimin wata makarantar koyon aikin lafiyar dabbobi. Lirwanu ya kai irinta da yawa, ya san takardar kiran ɗalibi ce, ya kuma san irinta tana da wa'adi.

Kafin rugar akwai wata ƙorama. In ta cika, sai mutum ya kwana a ƙetare. Ya haye ta ruwa bai kai idon sawu ba, amma gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa dawa. Da ya isa rugar ya tarar babu namiji ko ɗaya, duk sun tafi gona da kiwo. Wata mata ce zaune a ƙofar bukka tana wanke ƙwarya, wata kuma tana daka a gefe. Ya san mai wanke ƙwaryar. Daso ce, matar Husaini. Ya san Bilyaminu ne ɗanta na fari, ya san tana da 'ya Halima.

Ya yi lissafi a tsaye, ƙafarsa ɗaya a ƙasa, babur bai mutu ba. In ya tambaya yadda ya kamata, za ta ce yana gona, ta shimfiɗa masa tabarma, a tafi kiransa. Awa guda ke nan, ko fiye. Ruwa zai sauka, ƙorama ta cika, ya kwana a ruga da sauro. Ba wani abu ne ke jiransa a gida ba. Kawai ba ya so ya kwana a can.

Sai ya yi sallama, ya ɗaga ambulan, ya ce da ƙarfi, "Inna, nan ne gidan su Bilyaminu Husaini? Ke ce uwa tasa?"

Daso ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Hannunta bai daina zagaya ƙwaryar ba. Can ta ce, "Ban san wanda kake nufi ba."

Mai daka ta tsayar da taɓarya tana kallonsu. Lirwanu ya ce, "To, shi ke nan." Ya juya babur. Ya haye ƙoramar kafin ɗigon farko ya faɗo.

A hanya ya gaya wa kansa zai dawo Alhamis mai zuwa, don haka bai mayar da wasiƙar ofis ba, ya sa ta a aljihun cikin jaka. Alhamis ta zo, hanya ta yanke. Ta gaba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Bayan nan kuma babu wani dalili. Yakan ji tudun ambulan ɗin duk sa'ad da ya sa hannu a jaka, ya ce gobe.

Bayan mako shida wani saurayi dogo siriri ya shigo gidan wayar, takalmin roba a ƙafarsa, ya gaida kowa cikin ladabi. Ya ce shi ne Bilyaminu. Da ya gaji da jira ya je makarantar da kansa, ya ga sunansa a allo, amma aka ce wa'adi ya wuce, an ba wani gurbinsa, kuma an aika masa takarda tun tuni. Yana so ya ji ko ta iso nan.

Jakar tana rataye a ƙusa a bayan Lirwanu, kamu biyu daga kafaɗarsa. Shugaban ofis na lokacin yana zaune yana ji. Lirwanu ya ce, "Ta iso. Na je har ƙofar gidanku. Na tambayi mahaifiyarka, ta ce ba ta san ka ba. An mayar da ita inda ta fito."

Saurayin ya sunkuyar da kai yana kallon teburin ofis. Sannan ya ce, "Na gode, Baba," ya fita. Lirwanu ya ɗauki littafin rajista ya rubuta, ba a san shi ba, an mayar. Da yamma ya tafi da ambulan ɗin gida.

Sauran labarin a kasuwar Shagari ya riƙa tsintarsa, ɗan nan ɗan can, ba tare da ya tambaya ba. Mai daka ta tabbatar wa mutanen ruga cewa da kunnenta ta ji. Baffannin yaron suka ce kunyar ƙauye ta kori arzikin gida. Husaini ya yi wa Daso faɗan da bai taɓa yi mata ba, ta tafi gidansu wata biyu kafin a dawo da ita. Yaron bai sake neman makaranta ba, uban ya ce bokon ya isa haka, shanu na bukatar mutum. Aka laƙaba wa matar suna, Daso mai korar takarda, har jikoki suka taso suka tarar da shi. Bilyaminu kuwa ya bi ma'aikatan rigakafin dabbobi yana riƙe musu saniya, har ya iya allura. Yanzu mutane suna kiransa Likita, rabi girmamawa rabi wasa.

Lirwanu bai sake taka rugar ba. In takardar can ta zo, sai ya bar ta a hannun mai unguwa a Horo Birni. Ya ci gaba da aiki, aka ci gaba da yabon amanarsa. Da labarin rasuwar Husaini ya zo, ya kai har bakin hanyar rugar da niyyar ta'aziyya, ya tsaya, ya juya.

Matarsa Adawiyya ce kaɗai ta sani. Ta ci karo da ambulan ɗin wata rana tana neman takardar haihuwar 'yarsu. Ta kawo masa yana cin tuwon rana.

"Malam, wagga ta wa ta? Ko wata ta aiko maka ka ɓoye?"

Ya so ya yi dariya, bai iya ba. Ya gaya mata duka. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ni da ke gidanka shekara ashirin ban taɓa faɗin sunanka ba. Inda wani ya zo ya ce ke ce matar wane, mi kake so in ce mishi? Ka san abin da ka yi ma matar nan."

"Na sani."

"To kai ta mana."

"Wa'adinta ya wuce. Mi za ta amfana musu?"

"Ba takardar nike nufi ba," in ji ta, ta kwashe kwanon tun bai gama ba.

Bayan nan ba ta sake tayar da zancen da baki ba. Amma duk sa'ad da ta gyara akwatin, sai ya tarar ta ɗora ambulan ɗin a sama, shi kuma ya mayar da shi ƙasa. Sun yi shekaru suna wannan.

A makonsa na ƙarshe a aiki, ranar Talata, motar kaya ta sauke buhu ɗaya. Shugaban ofis na yanzu, Kabiru, sa'an ɗansa ne, kullum ido a waya. Ya ware wani ƙunshi mai nauyi ya ce, "Baba Lirwanu, ga na ƙauyenka. Kamar sirinjin dabbobi ne. Na kira lambar sau huɗu ba ta shiga. Bilyaminu Husaini, bayan Horo Birni. Ka san wurin?"

"Na san shi."

"In da nisa bar shi, wanda zai gaje ka ya kai ranar Litinin. Kai yanzu ai baƙo ne, sai shan shayi."

Lirwanu ya riƙe ƙunshin yana juya shi. Hanyar kaucewa ce a buɗe, kamar waccan ranar. Ya ce, "A'a. Sabon ba zai iya tambaya ba." Ya ɗaure ƙunshin a babur, ya biya ta gida. Ya tarar da Adawiyya a ɗaki. Ta gan shi ya durƙusa gaban akwati, ta fita tsakar gida ta ba shi wuri. Da zai tafi ta miƙo masa hularsa ta Juma'a.

An sa wa ƙoramar kwalbati yanzu. Rugar ma ta zama gidajen laka da rufin kwano, sai bukka ɗaya da aka bari. Ya kashe babur tun daga nesa ya turo shi. Wata tsohuwa na zaune a inuwar bishiyar dogon yaro tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, amma zaman nata bai canza ba. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa suka gaisa, gida da shanu da damina.

Sannan ya ce, "Inna, yayan Halima yana nan?"

"Yana wajen shanu. A kira shi." Ta ɗaga murya ta gaya wa surukarta da ke cikin gida. Sai ta dawo da ido kansa, ta daɗe tana dubansa. "Kai na masinjan nan."

"Ni na, Inna."

"Ka tsufa."

"Na tsufa."

Ta ɓare gyaɗa biyu, ta jefa a faifai. "Yau ka iya tambaya," in ji ta.

Aka kawo masa tabarma da ƙwaryar fura da nono. Ya zauna ya jira. Ya duba agogo da Bilyaminu ya iso, jiran bai kai rabin awa ba.

Bilyaminu ya zama magidanci mai ƙiba kaɗan, da furfura a gemu, rigarsa duk tabon maganin dabbobi. Ya gane Lirwanu, ya gaishe shi da fara'a, ya ce wayar ce ta faɗa a kwamin shayar da shanu. Ya karɓi ƙunshi, ya sa hannu. Lirwanu bai tashi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ambulan ɗin, ya yi ruwan ƙasa, gefensa ya tauye, hatimin ya dusashe. Ya miƙa da hannu biyu.

"Akwai wannan ma. Taka ce. Ba a mayar da ita ko'ina ba. Ranar da ka zo ofis tana cikin jakata, a bayana."

Bilyaminu ya karanta sunansa, ya duba hatimin, fara'ar ta bar fuskarsa.

Lirwanu ya ci gaba, idonsa a kan tabarma. "Ranar da na zo na san Inna, na san kai ne na fari. Na san yadda ake tambaya, an koya mani tun ina yaro. Da gangan na kira sunanka, don na san ba za ta amsa ba. Hadari na gani, ban so in kwana nan. Ba ta kore ni ba. Ni na nemi hanyar tafiya, na bi ta kanta. Da ka zo kuma na ji kunyar shugabana, na ɗora mata."

Surukar da ta fito ɗaukar ƙwarya ta tsaya a ƙofa. Bilyaminu ya yaga bakin ambulan ɗin a hankali, ya zaro takardar, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, leɓensa na motsi. Ya ninke ta yadda take.

"Ɗaki na bakwai," ya ce. "Har ɗakin kwana sun ba ni."

Daso ba ta daina ɓarar gyaɗa ba. Ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Na san ya gane. Na ga idonshi ranar."

Bilyaminu ya juya. "Kin sani, Inna? Don mi ba ki faɗi ba?"

"In faɗa ma wa? In tsaya gaban baffanni ina gardama a kan..." Ta nuna wajensa da haɓa. Ko yanzu ba ta iya ƙarasawa ba. "Kuma ai na faɗi abin da anka ce na faɗi."

Bilyaminu ya zauna a ƙasa kusa da faifan, abin da Lirwanu ya lura bai yi ba da ya iso. Ya ɗebi gyaɗa ya fara ɓarewa, yana fasa ƙwayar. Ya daɗe a haka. Lirwanu ya ce yana neman gafararsu, su biyun.

"Tawa bar ta tukuna, Baba," in ji Bilyaminu. "Ban san abin da zan ce maka ba yau, kuma ba ni son in yi maka ƙarya. Amma ni ma shekara sha bakwai ina gaishe ta da safe ina riƙe da abin a ciki. Wannan nawa ne, ba naka ba." Ya goge hannu a riga. "Mahaifina ya tafi da wancan zancen, ba yadda za a yi. Baffannina biyu suna nan da rai. Su sunka sa mata sunan nan. Na farko daga bakinka ya fito, su ji wanga daga bakinka. Ran Juma'a, bayan an sauko, a ƙofar mai unguwa."

Lirwanu ya san ƙofar. Rabin mutanen da ke zama a wurin ya karanta musu wasiƙunsu, sun kira shi mai amana a gaban 'ya'yansu. Juma'ar kuma ita ce ranar da Kabiru ya shirya masa 'yar walimar sallama a ofis.

"Zan zo," ya ce.

"Shanye furarka," in ji Daso. "Ba a mayar muna da ƙwarya da saura."

Ya shanye. Da ya tashi tafiya ya ga ta miƙa hannu gefe, ba ta dubi ɗanta ba. Bilyaminu ya sa mata takardar a tafin hannu. Ta juya ta sama da ƙasa, ita da ba ta karatun boko, sannan ta sa ta a ƙarƙashin faifai don kada iska ta ɗauka.

Ranar Juma'a da hantsi Lirwanu ya shiga ofis ya miƙa jaka da littafin rajista. Ya ce wa Kabiru a ci walimar ba shi, akwai saƙon da ya rage masa. Kabiru ya leƙa jakar ya ce ai babu komai a ciki. Lirwanu ya ce ya sani. Ya gyara hula, ya tayar da babur, ya kama hanyar Horo Birni da sauran lokaci kafin a shiga masallaci.